Sauya Kamannin Emoji a Waya: Wanne Ne Lafiya, Wanne Ne Haɗari?

 Jama'a masu sauraro, wannan filinmu ne na faɗakarwa kan wayar hannu da fasahar zamani. 

Yau maganarmu a kan emoji take, wato 'yan hotunan nan da muke cusawa cikin saƙo: fuskar da ke dariya har da hawaye, babban yatsa a ɗage, jar zuciya, tafukan hannu biyu a buɗe ana roƙon Allah. Duk mai zama kusa da masu gyaran waya ya san buƙatar da samari da 'yan mata ke yawan zuwa da ita: "Malam, a mayar mini da emojina irin na iPhone." Mai Tecno ne, ko Infinix, ko itel, ko Samsung, ya leƙa wayar abokinsa ya ga hotunansa sun fi sheƙi, shi ma yana so. Son abu mai kyau ba laifi ba ne. Sai dai sauyin nan kashi uku ne. Akwai wanda za ka yi da hannunka cikin minti ɗaya, kyauta, kuma duk wanda ka tura wa zai gani. Akwai wanda in ka yi, kai kaɗai za ka gani. Akwai kuma wanda zai iya jawo maka asarar WhatsApp ɗinka, ko ma kuɗinka na banki. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin waya idan mutum ya taɓa emoji, domin wanda ya gane wannan, da wuya a sake yaudararsa da wata manhaja.

A ƙasar Japan aka fara wannan abu. A shekarar 1999 wani ma'aikacin kamfanin sadarwa na NTT DoCoMo mai suna Shigetaka Kurita ya zana ƙananan hotuna 176, kowanne a cikin ɗan fili mai ɗigo 12 a tsaye, 12 a kwance. Rana, laima, zuciya, mota, da ire-irensu. Mutane suka karɓe su hannu bibbiyu, sauran kamfanonin sadarwa na ƙasar ma kowa yana da nasa. Nan matsala ta kunno kai: ka tura hoto daga layin wannan kamfani, ya isa layin wancan a matsayin wani abu daban, ko ya isa a lalace. Abin da ya warware rikicin shi ne shigowar wata ƙungiya da ke Kalifoniya ta Amurka, mai suna Unicode, wadda aka kafa a 1991. Aikinta shi ne ba kowane harafi na kowane rubutu a duniya lambarsa ta kansa, yadda kowace kwamfuta da kowace waya za su gane shi. Ita ce ta ba haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, lambobinsu, haka ma alamar naira. A shekarar 2010 ta shigar da ɗaruruwan emoji cikin kundinta, yau kuwa sun haura 3,700.

To, mai sauraro, ga inda gizo ke saƙa. Idan ka taɓa fuskar nan mai dariya da hawaye ka tura, wayarka ba hoto take aikawa ba, lamba take aikawa. Lambar wannan fuska a kundin Unicode ita ce 1F602. Wayar wanda ka tura wa ta karɓi lambar, sai ta duba nata ma'ajin zane ta ɗauko hoton da aka ajiye a kan wannan lamba ta nuna masa. Unicode suna da lamba kawai take bayarwa, zanen kuwa na kamfanoni ne. Apple yana da masu zanensa, Google yana da nasa, Samsung da Microsoft ma haka. Kamar rubutun allo ne: harafin "ba" ɗaya ne a ko'ina, amma in almajirai biyar suka rubuta shi, hannun kowa daban, duk da haka kowa ya gani ya san "ba" ne.

Ga hujjar da za ka iya gwadawa yau. Tutar Najeriya da ke cikin emoji, a zahiri alamun haruffa biyu ne aka jera, N da G. Ta Nijar kuwa N da E. Waya ce ke haɗa su ta zana tuta. Shi ya sa a kwamfutoci masu Windows, sau da yawa in aka turo tutar, haruffan biyu kawai mutum zai gani, domin ma'ajin zanen Windows ba ya ɗauke da tutocin ƙasashe.

Akwai ƙarin bayani a nan da ya shafi kusan kowa. Wasu manhajoji ba sa dogara da zanen waya, da nasu suke zuwa. Tun 2017 WhatsApp yake da nasa zanen emoji a wayoyin Android. Facebook ma yana da nasa. Saboda haka a waya ɗaya za ka iya ganin fuska ɗaya da kamanni biyu: ɗaya a saƙon tes, ɗaya a WhatsApp. Wayarka ba ta lalace ba, haka tsarin yake.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa in zane ya ɗan bambanta? Akwai shi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka suka nuna wa mutane emoji iri ɗaya da zanen kamfanoni daban-daban, suka tambaye su abin da suka fahimta. Wata fuska mai bayyana haƙora, a zanen Google mutane suka karanta ta a matsayin farin ciki, a zanen Apple na lokacin kuwa da yawa suka ga kamar mutum ne ke cije haƙora cikin damuwa. Daga baya Apple ya sake zana ta. A shekarar 2016 ɗin ce kuma Apple ya mayar da emojin bindiga ya zama koriyar bindigar ruwa ta wasan yara, alhali a sauran wayoyi bindigar gaske ce ke fitowa. Mai iPhone ya tura abin wasa, mai wata wayar ya ga makami. Sai a 2018 sauran manyan kamfanonin suka bi sahu. Ke nan abin da kake gani a fuskar wayarka ba lallai ne shi ɗan'uwanka yake gani ba.

(Kiɗan taƙaitaccen hutu)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Ga wanda bai samu farkon shirin ba, muna magana ne kan sauya kamannin emoji a waya, kuma mun bayyana cewa lamba ce ke tafiya tsakanin wayoyi, zane kuwa kowace waya da nata. Yanzu sai mu shiga kashi na farko, wato sauyin da ba shi da haɗari, kuma wanda ka tura wa zai gani.

Na farko, launin fata. Ka buɗe wajen emoji a kibod ɗinka, ka nemi babban yatsa ko tafin hannu, ka ɗora yatsanka a kai ka riƙe na ɗan lokaci ba tare da ka ɗaga ba. Wani ɗan layi zai fito da hannun a launi shida: rawayan da aka saba, da launin fata biyar, daga fari tas zuwa baƙi wuluk. Ka zaɓi wanda ya yi maka, akasarin kibod za su riƙe zaɓinka don gaba. An shigo da wannan a 2015, kuma an ɗauko launukan ne daga ma'aunin fata da wani likitan fata Ba'amurke, Thomas Fitzpatrick, ya tsara a 1975. Kafin nan, bayan fuskokin rawaya, mutanen da ke cikin emoji a wayoyi da dama farar fata ne kusan duka, abin da ya sa baƙaƙen fata a duniya suka yi ta ƙorafi. Wannan sauyi yana isa ga wanda ka tura wa, domin launin ma lambarsa gare shi, wayarka na haɗa ta da lambar hannun ta tura su tare. In wayar mutumin tsohuwa ce ƙwarai, zai ga hannu rawaya da ɗan murabba'i mai launi a gefensa. A lura, wannan na mutane ne da sassan jiki kamar hannu da kunne da hanci. Zagayayyun fuskokin nan rawaya ba sa canza launi. Tun 2021 ma an ƙara musafaha mai hannu biyu da launi daban-daban.

Na biyu, sabunta waya. Idan aka turo maka saƙo ka ga ɗan akwati babu komai a ciki, ko akwati da alamar tambaya, to sabon emoji ne aka turo wanda wayarka ba ta da zanensa. Kusan kowace shekara Unicode na ƙara sababbi, kamfanoni kuma su zana su su saka cikin sabuntawa. Maganin shi ne ka shiga saitin wayarka ka duba ko akwai ofdet, ka kuma sabunta WhatsApp da kibod ɗinka daga Play Store, ko App Store ga mai iPhone. Sau da yawa sabuntawar kan zo da gyaran tsofaffin zanen ma, su ƙara kyau. Masu tsohuwar Android za su tuna emojin Google masu kama da curin ƙullu, waɗanda aka yi amfani da su daga 2013, har aka maye gurbinsu da zagayayyun fuskoki a 2017. Ribar sabuntawa ta wuce ado, domin tana toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. In data ta yi ƙaranci, a jira garaɓasar dare ko a nemi inda ake da wayifai na amana.

Na uku, sitika. Sitika hoto ne na gaske, shi ya sa yadda ka gan shi haka zai isa, ko wace irin waya ce. WhatsApp ya shigo da sitika a 2018. Kibod ɗin Google mai suna Gboard, wanda yake da Hausa da haruffanmu masu lanƙwasa, yana da wani tsari tun 2020 mai suna Emoji Kitchen: ka taɓa emoji biyu a jere, sai ya gauraya su ya ba ka sabon hoto ka tura a matsayin sitika. Masu iPhone suna da Memoji, inda mutum zai ƙera fuska mai kama da tasa, masu Samsung ma suna da irin nasu. Sai dai a san cewa emoji ɗaya nauyinsa bai wuce na 'yan haruffa ba, sitika kuwa yana cin data yana kuma cika waya. Sannan ina roƙonmu da mu ji tsoron Allah a wannan wuri. Ya zama ruwan dare a ɗauki hoton malami, ko dattijo, ko wata baiwar Allah da aka ɗauka a wajen biki, a yanke fuskar a yi sitika da ita ana raha a guruf. Hoton da ya shiga guruf ɗaya ba ya dawowa. Kada ka mayar da fuskar kowa sitika sai da izininsa.

Kashi na biyu shi ne sauyin da kai kaɗai za ka gani. A wasu wayoyin Android akwai wajen canza salon rubutu da adon waya, kuma akwai manhajojin da ke bi ta wannan ƙofa su ɗora ma'ajin zane mai kama da na iPhone. A wasu wayoyin abin yana yi, a wasu ba ya yi. Ko ya yi, ka tuna da abin da muka faɗa: lamba ce ke tafiya. Wanda ka tura wa zai ci gaba da ganin zanen wayarsa. Kai kanka in ka shiga WhatsApp, zanen WhatsApp za ka tarar a cikin hira. Ana kuma samun wata illa da mu Hausawa ya kamata mu kula da ita: wasu salon rubutun ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga haruffan sun fito a karkace ko sun zama akwati. Haka nan canza kibod kaɗai ba ya sauya zanen da ke fitowa cikin saƙo. A iPhone kuwa babu wata hanya da kamfanin ya buɗe ta canza zanen emoji. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da alkawarin cewa abokanka za su riƙa ganin emojinka irin na iPhone, ya sayar maka da abin da ba ya yiwuwa.

Kashi na uku, kuma shi ne dalilin da ya sa muka ware wa wannan batu shiri guda, shi ne sauyi mai haɗari. Hanyoyinsa uku ne.

Ta farko ita ce jabun WhatsApp, irin su GBWhatsApp da WhatsApp Plus. Matasanmu suna son su saboda suna ba da damar zaɓar salon emoji da canza launin hira. Amma ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba sa cikin Play Store, daga waya zuwa waya ake tura su, kuma ba ka san hannun da suka bi ba kafin su iso gare ka. Kamfanin ya faɗa ƙarara cewa yana iya dakatar da lambar da ke amfani da su, na ɗan lokaci ko na dindindin. Ka tuna da abin da ke cikin WhatsApp ɗinka: kwastomominka, guruf ɗin dangi, hotunan iyalinka, takardun makaranta. Duk wannan kake miƙa wa manhajar da ba ka san mai ita ba.

Ta biyu ita ce kibod ɗin da ba a san asalinsa ba, masu tallar dubban emoji da ado kala-kala. Mai sauraro, duk abin da ka rubuta a waya ta kibod yake bi: saƙonka, kalmar sirrinka, lambar katin bankinka. Android da kanta tana fito da gargaɗi a duk lokacin da za ka kunna sabon kibod, cewa zai iya tattara duk abin da ka rubuta, har da kalmar sirri da lambar kati. Yawancinmu ba ma karantawa, sai mu danna mu wuce. A ƙarshen 2017 masu binciken tsaro suka gano bayanan mutane sama da miliyan 31 masu amfani da wani kibod mai suna ai.type a buɗe a intanet ba tare da makulli ba, har da sunaye da lambobin waya da adireshin imel. Idan ka nemi kibod ya ba ka ado, amma shi yana neman izinin shiga lambobin mutanenka da saƙonninka da inda kake, ka cire shi nan take.

Ta uku ita ce abin da masu gyara ke kira rut a Android, wato fasa makullin da kamfani ya sa wa waya domin a taɓa cikinta. Da wannan ana iya canza zanen emoji a duk faɗin wayar, gaskiya ne. Amma yakan zubar da garanti, manhajojin banki da dama suna ƙin aiki a wayar da aka yi wa haka, kuskure kaɗan kuma na iya sa wayar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido. Fuska mai sheƙi ba ta kai darajar waya da asusun banki ba.

Wanda yake jin cewa emojin da ke akwai ba su nuna rayuwarsa ba, akwai hanya mai tsabta da wasu suka bi. A 2015 aka ƙara masallaci da Ka'aba da carbi. A 2016 wata yarinya 'yar Saudiyya mai shekara 15 da ke zaune a Jamus, Rayouf Alhumedhi, ta rubuta wa Unicode buƙatar a yi emojin mace mai ɗankwali ko hijabi, domin ba ta ga mai kama da ita ba. Aka amince, a 2017 ya shiga wayoyin duniya, tare da tafukan hannu biyu na addu'a. A Kwaddibuwa kuwa wani matashi mai zane, O'Plérou Grebet, ya shafe shekarar 2018 yana fitar da hoto ɗaya kowace rana na abinci da tufafi da al'adun Afirka, ya sa wa aikin suna Zouzoukwa, mutane suna tura su a matsayin sitika. Ƙofar Unicode a buɗe take ga kowa ya gabatar da buƙata da hujjoji. Matasanmu masu zane a kwamfuta, ga fili: hula da rawani, kalangu da kakaki, tuwo da fura, duk suna jiran mai zana su ya yi mana sitika masu kyau da mutunci.

Kafin mu rufe, ga wata shawara da ta fito daga duk abin da muka faɗa. Tunda zane yana bambanta, kuma a ƙaramar waya fuskoki suna kama da juna, to a maganar da take da nauyi a rubuta kalmomi. An sha ganin mutum ya tura fuskar dariya mai hawaye a saƙon ta'aziyya, yana zaton kuka ce. Mai dariyar bakinta a washe yake, hawayen na fita ta gefen ido. Mai kukan kuwa hawayen na kwarara ne har ƙasa. "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri" ya fi kowace fuska. Haka a ciniki. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke hukuncin cewa babban yatsan da wani manomi ya tura a waya amincewa ne da yarjejeniyar sayar da amfanin gona, ta kuma umarce shi ya biya sama da dalar Kanada 82,000 saboda bai kai kayan ba. In kana nufin "na gani", ka rubuta na gani. In kana nufin "na yarda", ka rubuta na yarda.

Saboda haka, jama'a, a canza launin fata, a sabunta waya, a yi amfani da sitika cikin ladabi. Manhaja kuwa a ɗauko ta daga Play Store ko App Store kawai, a karanta izinin da take nema kafin a danna. Wanda ke kan jabun WhatsApp ya adana muhimman bayanansa ya koma na asali tun kafin a rufe masa lamba. Iyaye, ku duba wayoyin 'ya'yanku ku ga irin kibod da manhajojin da suka ɗora. Masu gyaran waya kuma, amana ce a hannunku: ku faɗa wa kwastoma gaskiyar abin da zai samu da abin da zai iya rasawa kafin ku taɓa masa waya.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Wanda ya ji, ya sanar da wanda bai ji ba. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba, ku huta lafiya.